Jirgin Baba Ya Tsaya a Wuyan Tulu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da majinyatanki na asibitin kamfani. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Antinki na gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko can wajen ginin dam ɗin naku har yanzu sai an hau dutse ake samun sabis. Ni dai na gaji da kira ana ce mini ba a same ki ba, shi ya sa na koma wa biro. Direbanku ya zo shagona a yi masa waldar bamba, na ce ya kai miki wannan.

Jikin Baba da sauƙi. Hannun dama da ƙafar dama ba su dawo ba tukuna, bakin ma bai buɗe ba, sai "uhm" da nuni da hagu. Na ɗauko shi daga tsohon gida na dawo da shi wurina. Wasu sun so su yi magana, na ce duk wanda yake da ɗaki mai taga biyu da banɗaki a ciki kamar nawa ya zo ya ɗauke shi. Ba wanda ya zo.

Na kuma ɗauko masa jirginsa. Kin san tun muna yara in ya taso daga aikin ba jiragen ƙasa hannu, ba shi da hira sai wannan ƙaramin jirgin da ya shimfiɗa wa layi a kan tebur, da tasharsa da gadarsa da kogonsa. Teburin ya ƙi fita ta ƙofa, sai na yanka shi uku, na kawo, na sake haɗawa, na yi masa ƙafafun ƙarfe da ko giwa ta hau ba za su lanƙwashe ba. Ba yabon kai ba, ya fi da kyau. Wayoyin ƙarƙashi kuwa kamar sheƙar tsuntsu na same su, na jera su ja da ja, baƙi da baƙi. Na tarar da tsaga nan da can a jikin layin, na bi su da dalma na like. Yanzu in kin shafa yatsa, sumul.

To ga inda gizo ke saƙar. Kin tuna wurin da Baba ke kira Wuyan Tulu, inda layi ɗaya yake rabuwa biyu, jirgi ya shiga ta wuya, ya zagaya cikin tulun, ya dawo ya fita ta wuyan da ya shigo? Jirgin yana tashi daga tasha lafiya, ya haye gada, ya shiga tulu ya zagayo. Da ya sa kai cikin kogon da ke dab da wuya, sai tartsatsi fat, sai ya tsaya cak. Akwai kuma wani makunni a gefen tebur wanda in na juya shi komai sai ya mutu, don haka na ɗaure shi da salatif kada wani ya taɓa.

Ni abin bai dame ni ba, ƙaramin aiki ne. Baba ne ya sa abin a rai. Duk sanda jirgin ya tsaya sai ya dinga bugun tebur yana kallona, in an kawo abinci ya kau da kai. Antinki ta ce tun da ya zo bai cinye kwano ɗaya ba. Likita ya ce in bai ci ba magani ba zai yi aiki ba.

Ba wai tambayarki nake yi ba, don ni na san wuta tun kina rarrafe. Amma tun da ke ce kike shiga ƙarƙashin tebur kina miƙa masa waya, ni kuwa lokacin ina can ina koyon sana'ar da ta gina gidan nan, in akwai abin da kika tuna ki rubuto.

Yayanki.

*

Yaya,

Amin sallamarka. Na ga takardarka, na yi murna, har abokan aikina suna tambaya ko saurayi ne. Na ce a'a, Sarkin Walda ne da kansa. Ina lafiya, sai aiki da sauro. Ka gaishe da Anti, ka riƙe mini hannun Baba na hagu ka ce Auta ce.

Allah ya saka da ɗaukar nauyin nan. Amma batun abinci ya tsaya mini a rai. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai laushi, yana zaune sosai ba a kishingiɗe ba, kada ya shaƙe.

Tsagar da ka like, na gane, dole ne tun da ka yanka teburi uku. Sai dai batun ja da ja ɗin nan ya ba ni tsoro. Yaya, Baba bai taɓa sayen waya ba. Abin da ya tsinta da shi yake aiki, ta tsohuwar rediyo, ta fanka, har ta fitilar kekenka da ka yi ta nema kana zargin yaran maƙwabta. Launi ba ya nufin komai a teburin nan.

Na zana maka abin da na tuna a bayan takardar nan. Wayoyi biyu na tulu suna zuwa makunnin gefe, na tasha suna dama, na fitilu suna hagu. Ban rantse ba, an daɗe.

Kuma ka duba giɓin nan da kyau, musamman na cikin kogo. In jirgi ya tsaya, can Baba yake fara leƙawa da tocila. Murfin kogon yana ɗaguwa, ba sai ka fasa ba. Na san ka da guduma.

Ƙanwarka Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ban da ciwon bayan da zanenki ya jawo mini. Antinki tana gaishe ki, ta ce ta gode da batun abinci mai laushi, amma mai laushin ma ba a ci.

Ban san ko a makarantar jinya ana koya muku dama da hagu ba. Na rufe shago da wuri, na shiga ƙarƙashin tebur da girmana da tumbina, na warware aikina mai kyau, na bi zanenki layi-layi ina leƙowa sama ina gwadawa. Kin ce tasha tana dama. Tasha tana hagu, Auta, tun da aka haife ki a hagu take. Na ce to ƙila wayoyin take nufi ba ginin ba, sai na ja su na kai dama. Sakamako: in na murɗa abin gudu, fitilun tasha ne suke ƙara haske. In na kunna fitilu, ɗan harshen ƙarfen da ke karkata jirgi a wuya sai ya dinga kaɗawa ƙat-ƙat-ƙat kamar mai jin sanyi. Antinki ta leƙo ta ce ko aljanu ne, na ce a'a, ƙanwata ce.

Abu ɗaya dai kin yi daidai, kuma ni ba na hana mutum haƙƙinsa. Na ɗaga murfin kogo, sai ga giɓi a layukan biyu, har da wata 'yar roba da ta maƙale a ciki. Nan ne daidai inda yake tartsatsi. Na ce yauwa, ga ɓarawon. Na zare robar, na cika da dalma, na goge. Aikin da ko da madubin likita ba za ki ga mahaɗinsa ba.

To tun daga nan jirgin ko motsi. Da yana zuwa kogo ya tsaya, yanzu ko tashar ba ya bari. Taransifoma sai gurnani take, ta yi zafi har ba a iya taɓawa, sannan ta kashe kanta. Na canja ta da sabuwa, ita ma haka. Na buɗe kan jirgin na hura, na sa mai, na gwada shi da batir a hannu, ƙafafunsa suna juyawa lafiya. A ɗora a layi, gawa. Ki gaya mini, ta yaya layi mai tsaga zai ɗauki jirgi, layi lafiyayye ya ƙi? Wannan ko a littafi babu.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Ina jin kan Baba ya fara taɓuwa. Ranar da na like kogon, ina aiki yana ta "uhm, uhm" yana jan rigata, na ɗauka murna ce. Washegari Antinki ta shiga da shayi ta tarar ya jawo kekensa na marasa lafiya jikin tebur, ya zaro ɗan zarton nan nasa daga akwatin kayan aiki, yana yanka layi da hannun hagu. Layin da ya yi shekaru yana lallaɓawa, Auta! Bai iya raba shi ba, hannun ba ƙarfi, ya dai yi masa rauni. Na dawo na like. Kwana biyu ya sake, a wurin dai. Na sake likewa. Da na karɓe zarton ya riƙe shi gam, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Irin kallon da ya yi mini ban taɓa ganinsa ba. Na kulle zarton a durowa.

Na gaya wa likita. Ya ce yakan faru bayan irin wannan ciwo, mutum ya fara lalata abin da yake so. Ya ce mu sa ido, in abin ya ƙaru akwai ɓangaren da suke kwantar da irinsu, a ba su maganin da zai kwantar musu da hankali. Ba na so, amma ba zan zauna ya yanke yatsa a gidana a ce ni ne ba.

Ki sake zanen, wannan karon da ido biyu.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana ta hon a waje. Ina lafiya. Ban ga amsar takardata ba tukuna, ina fata shirun na alheri ne, jirgi ya tashi, Baba ya koma cin abinci.

Jiya ina kwance ina kallon silin sai wani abu ya faɗo mini a rai. Yaya, ni ban taɓa sanin teburin nan ta sama ba! Kullum a kwance nake a ƙarƙashi ina kallonsa ta ciki. Zanen da na aiko maka na ƙasa ne, damansa hagunka ne in kana tsaye. Ka juya takardar ka ɗaga ta a hasken taga, ko ka kwanta rigingine ka karanta, kanka wajen ƙofa. Sai dai ƙofar tsohon gida nake nufi, ban san inda taka take kallo ba.

Ka yi haƙuri. Na san ka riga ka gane da kanka, kai da ka san wuta tun ina rarrafe.

Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ki, don gaisuwa ba ta faɗuwa ko ana fushi. Mu dai ga mu nan.

Takardarki ta zo, kuma ban ga inda kika amsa ko kalma ɗaya daga abin da na rubuta miki ba. Ina ba ki labarin uba ya ɗauki zarto, kina ba ni labarin silin. Direba ya ce wai takardata ta kwana a aljihun motarsa, sai da ya miƙo mini taki ya tuna. Ban sani ba ko gaskiya ne ko rufa miki asiri yake.

Duk da haka na yi yadda kika ce. Na ɗaga takarda a taga, na kwanta rigingine, kaina wajen ƙofa. Ban gane ba, na juya kaina wajen taga. Na je har tsohon gida na tsaya a ɗakin da babu komai ina tuna inda ƙofa take kallo, mai gadin unguwar yana leƙena. Na dawo na sake warware wayoyi. Yanzu fitilu sun koma fitilu, harshen wuya ya daina rawa. Jirgi fa? Yana nan inda yake. Taransifoma tana gurnani. Har mai gyaran rediyon da ke kusa da shagona na kira, abin da ban taɓa yi ba. Ya sa mitarsa ya ce wuta tana haɗuwa a wani wuri. Na ce a ina? Ya ce ko'ina. Na ce to sannu da aiki, ai ko ni zan iya faɗin haka.

Baba kuwa abin ya ƙaru. Da ya rasa zarto sai ya koma wa abin yankan farce, yana goga ɗan magogin a kan layi. Na karɓe. Sai cokalin shayi. Kuma wurare nasa na musamman ne, kullum nan dai: cikin kogo da ɗaya gefen wuyan. Kin ga alamar taɓuwar kai ke nan, mutum ya nace wa wuri ɗaya. Sannan ga wani sabon salo. Kwalin robar da ƙwayoyin maganinsa suke zuwa a ciki, sai ya sa haƙori ya yayyage shi ƙanana-ƙanana ya ɓoye a aljihu. Antinki ta kwashe ta zubar, ya sake tarawa. Tana tsoron kada ya haɗiye.

Shekaranjiya ya miƙa hannu zai kai ga layi, keken ya goce, ya faɗi. Goshinsa ya fashe kaɗan. Ya rame, Auta, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In na shigo ɗakin sai ya juya fuska bango. Ni da na ɗauko shi, ni ne abokin gaba.

Na yanke shawara, kuma ba shawararki nake nema ba, sanar da ke nake. Likita ya samar masa gado a wancan ɓangaren, ranar Alhamis ta sama zan kai shi. Ya ce za su ɗora shi a kan maganin, zai daina wannan fizge-fizgen, zai riƙa barci. Teburin kuma zan kwance shi in kai sito, tun da ganinsa ne yake tayar masa da hankali. Na yi iya yina. Ƙarfen da ya fi wannan taurin kai na lanƙwasa, amma wannan abin wasan yara ya sa ina tsayawa a tsakiyar shago in manta abin da na zo ɗauka.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, kuma don Allah ka karanta wannan a zaune har ƙarshe kafin ka yi fushi. Ruwa ya cinye hanyarmu, mota ba ta shiga ba ta fita, sai yau takardunka biyu suka iso mini tare. Na hau dutse na kira ka ya fi a ƙirga, ba ya shiga. Na roƙi direba ya bi ta doguwar hanya. Allah ya sa ya riga Alhamis.

KADA KA KAI BABA. Kansa lafiya lau.

Ni na jawo rabin abin. Da ka ce ka like tsaga, na ɗauka inda ka yanka teburi kake nufi. Da na ce ka duba giɓin kogo, nufina ka tabbatar yana nan a buɗe. Ban faɗa ba don ban zaci akwai wanda zai rufe shi ba. Na manta da wa nake magana. Kai tun muna yara ko ƙofa ka gani a buɗe sai ka rufe.

Giɓin nan Baba ne ya yanka su da hannunsa. Ka je ka ɗora yatsa a kan layin dama tun daga tasha, ka bi shi ya shiga tulu ya zagayo, kada ka ɗaga. Za ka ga ya dawo da kai kan layin hagu. Ni ma sai da na zana a bayan katin majinyaci na bi da biro sannan na yarda. Layin dama da na hagu wutarsu daban, in suka haɗu ba mai motsi. Shi ya sa ya raba tulun da sauran layi ta gefe biyu, ya sa wancan makunnin da ka ɗaure. Da ka like gefe ɗaya jirgi ya riƙa tsayawa a kogo. Da ka like na kogo ka kashe shi gaba ɗaya.

Robar da yake tarawa kuwa, Yaya, aikina ne da. Ni nake yanka masa ita ƙanana in miƙa masa ya cusa a giɓin, don kada zafi ya sa ƙarfen ya miƙe ya taɓa ɗan'uwansa. Yakan ce, "Nan ba a gaisawa." Da na karanta cewa da haƙori yake yi yanzu, sai da na fita waje.

Ina ganin masu ruɗewa a wurin aiki. Mai ruɗewa ba ya zaɓar wuri huɗu ya dinga komawa kansu daidai. Wannan mutum ne da ya san abin da yake yi, ba shi da bakin faɗa, ba shi da hannun rubutawa. Maganin da likita yake nufi na san shi. In aka ɗora wa dattijon da ba ya cin abinci, ba lallai ya sake tashi zaune ba.

Ka ba shi zartonsa.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Antinki tana gaishe ki, ta ce in rubuta cewa tana gaishe ki sosai, to na rubuta.

Direbanku ya iso ranar Alhamis da hantsi, motarsa duk laka. Lokacin na riga na sa jakar Baba a but ɗin mota, mun fito da shi bakin ƙofa a kekensa, Antinki tana sa masa takalmi. Kin ce in karanta a zaune. A tsaye na karanta, kuma na yi fushi tun kafin ƙarshe. Na ce wato yarinyar da ba ta san damanta da hagunta ba ce za ta koya mini cewa abu yana gyaruwa da yankewa? Na ce wa Antinki, bari in shiga in bi layin da yatsa don in samu abin da zan ƙaryata ta da shi.

Na ɗora yatsa a dama. Na bi. Na dawo a hagu. Na ce na goce ne. Na sake, da alli wannan karon. Allin ya dawo a hagu. Na tsaya ina kallon farin layin nan, Antinki tana kira daga waje wai rana tana dukan Baba, a tafi ko a dawo? Na ce a dawo tukuna, akwai abin da nake dubawa.

Na turo shi jikin tebur, ya juya fuska bango kamar kullum. Na buɗe durowa na ajiye zarton a gabansa. Ya daɗe bai taɓa ba. Ya kalle shi, ya kalle ni, kamar yana jiran in fizge. Sannan ya ɗauka ya ɗora a cikin kogo, daidai kan dalmata. Hannun ba ƙarfi, zarton yana zamewa. Ya gwada, ya gwada. Sai ya ajiye, ya kamo wuyan hannuna ya ɗora a kan zarton, ya bar nasa a saman nawa.

Auta, tun da na kama sana'a mutane haɗi suke kawo mini. Ban san yadda ake yanka aikin da ba shi da aibu ba. Kuma dole in faɗa miki, dalmar ta kama ƙwarai, sai da na yi gumi. Ya nuna na biyu, na yanka. Ya ja ni ɗaya gefen wuyan, biyu a can ma. Duk inda ya nuna, ƙyallin aikina ne a wurin. Da na wuce gona da iri a na ƙarshe ya buge mini hannu, irin bugun da yake mana in mun taɓa masa rediyo.

Sai ya sa hannu a aljihun rigar da muka sa masa ta zuwa asibiti. Ashe ya ɓoye wasu a can ma. Ya zaro 'yan robobin nan, da shaidar haƙori a jikinsu, ya miƙo mini ɗaya-ɗaya ina cusawa. Antinki tana tsaye a bakin ƙofa da takalminsa ɗaya a hannu, ta ce, "Wayyo, ni da na yi ta zubarwa." Ta juya ta shige kicin.

Ya nuna salatif, na warware. Na kunna. Taransifoma shiru, ba gurnani. Ya murɗa abin gudu da kansa. Jirgin ya yi ɗan tari, ya tashi, ya haye gada, ya shiga wuya. Yana tsakiyar tulu Baba ya juya makunnin nan, ya karkata harshen, ko kallon hannunsa bai yi ba. Jirgi ya shiga kogo. Ina jiran fat. Sai ga shi ya fito, ya bi ta wuyan da ya shigo, ya koma tasha fuskarsa a juye.

Bai yi dariya ba, kin san shi. Ya dai sake tayar da shi, ya sake. Can ya ɗaga kai ya yi wa ƙofar kicin nuni da baki. Antinki ta kawo kwano, ya ci yana tuƙi, ya miƙa a ƙara.

Na kira likita na ce a ba wani gadon. Ya ce me ya faru? Na ce an samu kuskure wajen bincike. Ban ce na wa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce zai zo ya ga Baba da jirgin.

Kada ki ɗauka komai ya warware. Fitilar gada har yanzu sai an kunna ta tasha take kamawa, kuma akwai wata koriyar waya da ta rage a hannuna, ban san inda ta fito ba. Na nuna wa Baba, ya ɗaga kafaɗa. Ina zargin ta kekena ce. In kin samu hutu ki zo ki shiga ƙarƙashin teburin da kanki, ni bayana ya gama.

Ki kuma sani, ƙafafun ƙarfen da na yi ba wanda ya ce suna da laifi.

Ƙarfen narka dalmata ne dai ban samu ba. Na neme shi jiya zan kai shago, Antinki ta ce Baba ya nuna mata shi, ya nuna durowar da na kulle zartonsa. Ta sa, ta kulle. Makullin yana aljihunsa, tare da robobin.

Yayanki.